Great Circle Mapper: shafin da nake auna tsakanin filin jirgi da filin jirgi, da abin da ba aikinsa ba ne ya gaya maka

Jama'a sallama. Kusan shekara huɗu ke nan ina amfani da wani shafi a intanet mai suna Great Circle Mapper, kuma duk wanda ya taɓa tambayata wai daga filin jirgi kaza zuwa filin jirgi kaza na ƙasar da ke maƙwabtaka kilomita nawa ne, awa nawa zai ci, to can nake fara tura shi, amma sai na haɗa masa da dogon bayani a baki, shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta bayanin gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta.

Bari in fara da abin da ya kai ni gare shi don shi ne tushen maganar. Akwai wata tafiya da na yi, jirgina zai sauka a Dammam ta Saudiyya da misalin ƙarfe 3 na yamma ranar Alhamis, ɗaya jirgin kuma zai tashi daga Bahrain wajen 8:30 na dare, tikiti biyu ne daban-daban na kamfani biyu. Kafin in saya na shiga wani shafi cikin irin waɗannan masu yawa da ke fitowa in ka yi bincike, ba zan kama sunansa ba, ya rubuta min baro-baro cewa tsakanin filayen biyu kilomita 87 ne kuma lokacin tafiya awa ɗaya da 'yan mintuna. Na ce to ai awa biyar da rabi ta ishe ni har da saura. Wallahi ba ta isa ba. Layin imigireshan a Dammam ya ci fiye da awa, jiran akwati ya ci nasa, sannan na zo na tarar ba kowace taksi ce ke da takardun tsallaka boda ba sai da na nemi wadda za ta iya, muka kama hanya lafiya lau har gadar Sarki Fahd, wannan gadar mai tsawon kilomita 25 da aka buɗe a 1986, a tsakiyarta akwai tsibirin da ake duba fasfo da kwastan na ƙasashen biyu, to nan muka tsaya cak. Daren Alhamis ne, hutun ƙarshen mako ya kama, motoci kamar an yi ɓarin gero, muna hango fitilun Bahrain ga su nan amma ba halin motsi. Lokacin da na isa filin jirgin da ke tsibirin Muharraq an riga an rufe karɓar kaya, kuma da yake tikitin ba a haɗe yake ba babu wanda ke da alhakin komai a kaina, haka na kwana a kujera na sayi wani tikitin da safe. Abin ya yi min ciwo sosai don akwai wanda ke jirana a ɗaya ɓangaren kuma lamarin ba na wasa ba ne.

Bayan na dawo nake ba wani dattijo labari, mutumin da ya daɗe yana aikin tura kaya ta jirgin sama, sai ya ce min "Ɗana, lambar da suka ba ka ta farko gaskiya ce, ta biyun ce suka ƙirƙira." Na ce "Baba kamar yaya?" Ya ce kilomita 87 ɗin nan tafiyar tsuntsu ce, daga tsakiyar wannan fili zuwa tsakiyar wancan a miƙe ta saman teku, ita kuwa awa ɗayan kwamfuta ce kawai ta raba nisa da wani gudu da aka saka mata, ba ta san da boda ba, ba ta san da Alhamis ba. Shi ne ya buɗe min wannan shafi a kwamfutarsa ya ce ga wanda su suke dubawa, zai ba ka nisa tsantsa, ragowar lissafin naka ne.

To shafin kansa. Wani mutum ne mai suna Karl L. Swartz ya yi shi, kuma yana nan tun 1996, in ka buɗe za ka ga alamar shekarunsa a fuskarsa don ba wani ado ba wani motsi, rubutu ne da akwatin da za ka cike da taswira guda. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, da tsohuwar zuma ake magani, kuma amfanin hakan shi ne ba ya cin data, ko netwok na rarrafe yana buɗewa tunda taswirar hoto ɗaya ce tak. Ba rajista, ba sai ka ba da imel ba, ba wanda zai biyo ka da saƙon ka sayi tikiti.

Yadda ake aiki da shi ba wuya. Kusan kowane filin jirgin fasinja na da lamba ta haruffa uku wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya wato IATA ke bayarwa, ita ce kake gani a jikin takardar da ake liƙa wa akwatinka, sai ka rubuta ta farko ka sa ɗan layi ka rubuta ta biyu, misali SIN-KUL wato Changi na Singafo zuwa babban filin Kuala Lumpur na Malesiya, ka danna, nan take ga taswira da jan layi ga nisa a ƙasa, kilomita 296 ko kusa da haka. In kana son ka gwada hanyoyi da yawa lokaci guda sai ka raba su da waƙafi, in kuma tafiyar mai zango-zango ce ka jera lambobin a layi ɗaya zai ba ka nisan kowane zango da jimilla. Yana karɓar lambobi masu haruffa huɗu ma na hukumar kula da sufurin sama ta duniya wato ICAO, irin waɗanda matuƙa da masu kula da zirga-zirgar sama ke amfani da su, WSSS ita ce Changi a wurinsu. Kuma in ka danna sunan fili zai kai ka shafinsa ka ga inda yake daidai, tsayinsa daga teku, da agogon da yake bi. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi zan dawo kansa.

Abu ɗaya da ya kamata mutum ya lura tun farko shi ne ma'auni. Da mil yake fara nuna maka, sai ka sauya da kanka zuwa kilomita, kuma mil ɗin ma iri biyu ne, akwai na ƙasa wanda yake kilomita 1.609 akwai na teku da sama wanda yake 1.852, to in ba ka duba ba sai ka ga 184 ka ɗauka kilomita ne alhali mil ne, ka ga an rage maka fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ba ka sani ba. Da ni za a tambaya da na so a ce yana tuna zaɓin mutum cikin sauƙi, sannan komai da Turanci yake, kuma a waya rubutun ƙanana ne sai kana ja da yatsa. Waɗannan su ne 'yan abubuwan da zan ce a gyara, ba su kai su hana aiki ba.

Sunan shafin daga lissafin ya samo asali. Duniya ai ƙwallo ce, to in ka ɗauki zare ka kafa bakinsa a gari ɗaya a jikin ƙwallon ka ja shi ya miƙe tsam zuwa wani gari, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta, shi ya sa a doguwar tafiya za ka ga layin ya lanƙwasa a taswira kamar baka har ka ce an yi zagaye alhali shi ne a miƙe. A tafiyar maƙwabta lanƙwasar ba ta ko fitowa, layi ne ɗan guntu. Kuma a nan ne abin yake yaudarar ido, don ɗan guntun layi na sa zuciya ta raina tafiyar.

Akwai wurin da za ka saka gudu shi kuma ya fitar maka da lokaci, kana iya sawa da kilomita a awa ko da ma'aunin matuƙa. Nan ne nake roƙon kowa ya yi hattara, ba don shafin ya yi ƙarya ba, a'a, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Jirgin fasinja in ya kai can sama yana tafiya tsakanin kilomita 800 zuwa 900 a awa, to ka saka 850 a kan SIN-KUL zai ce maka minti 21. Je ka duba jadawalin kowane kamfani da ke bin hanyar, awa ɗaya za ka gani ko awa ɗaya da minti goma. Ina sauran minti arba'in ɗin suka tafi? Na farko lokacin da ke jikin tikiti ba daga tashi sama ake ƙirga shi ba, daga sanda aka cire wa taya waigi aka tura jirgi baya ne har zuwa sanda ya tsaya cak a ƙofar ɗaya filin, to duk rarrafen da yake yi zuwa titin tashi da jiran layi a bayan wasu jiragen yana ciki. Na biyu jirgi ba ya tashi da cikakken gudu, a wurare da yawa doka ce ƙasa da ƙafa 10,000 kada ya wuce kusan kilomita 460 a awa, kuma a gajeriyar tafiya kafin ya gama hawa an ce ya fara sauka, wani lokacin ko minti biyar bai yi a saman ba. Na uku ba ya bin layin zaren nan, iska ce ke yanke ta wane ɓangaren titi za a tashi da wanda za a sauka, sai ka ga ya tashi ya ba wa inda za shi baya tukuna ya kewayo, a can ma a jera shi a layin masu sauka. In kuma ƙaramin jirgi ne mai farfela irin ATR 72 wanda ake yawan sawa a irin waɗannan hanyoyi to shi gudunsa wajen 500 ne ma.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Amsterdam zuwa Brussels, AMS-BRU, kilomita 158 kacal, a lissafin raba nisa da gudu minti 11 ne. Amma filin Schiphol na Amsterdam na da wani titin jirgi da suke kira Polderbaan da aka buɗe a 2003, yana can nesa da ginin fasinja har jirgi kan yi kusan kwata na awa yana tafiya a ƙasa kafin ya kai bakinsa, wato rarrafen kaɗai ya fi tsawon abin da lissafin ya ba tafiyar gaba ɗaya. Kuma a ƙarƙashin ginin filin akwai tashar jirgin ƙasa da zai kai ka tsakiyar Brussels ba cire bel ba cire takalmi.

Ni dai dabarar da na tsayar wa kaina, kuma tawa ce ba ta wani littafi ba, in na samu nisa daga shafin sai in raba da 800 in ƙara minti 40 a kai. A SIN-KUL yana ba ni awa ɗaya da ɗan abu, a Madrid zuwa Lisbon mai kilomita 500 da ɗoriya yana ba ni awa ɗaya da minti 18 haka, duka sun zo kusa da abin da ke jadawali. Amma wannan lokacin cikin jirgi ne kawai fa, ba a sa zuwa fili awa biyu ko uku kafin tashi ba tunda ƙetare ne ko da ƙasar na bayan katanga, ba a sa layin fasfo ba, ba a sa jiran kaya ba.

Tunda na ambaci Madrid da Lisbon bari in dawo kan agogo. Sifaniya na gaban Fotugal da awa ɗaya duk da suna manne da juna, to za ka ga tikiti ya ce tashi 10:00 sauka 10:20, mutum ya yi murna wai minti ashirin, a dawowa kuma ya ga tashi 10:00 sauka 12:15 ya ce me ya faru hanyar ta ƙaru ne. Ba abin da ya ƙaru, kowane lokaci a tikiti agogon garin da abin ke faruwa ne. Wanda ya fi rikitarwa shi ne Delhi zuwa Kathmandu, kilomita 800 da 'yan kai, don Nepal na gaban Indiya da minti 15 ne, ba awa ba ba rabin awa ba, in kana da wani jirgin da za ka kama wannan kwatar na iya zama ita ce tsakaninka da ƙofar da aka rufe. Great Circle Mapper ba zai yi maka wannan lissafin a kan hanya ba amma shafin kowane fili na nuna agogonsa, ni kullum sai na buɗe duka biyun na gwada.

Yanzu ga inda nake ganin kowa ya kamata ya fahimci iyakar shafin, kuma ba laifinsa ba ne don bai taɓa cewa zai yi wannan ba. Shi bai san boda ba. Rubuta FIH-BZV ka gani, filin N'djili na Kinshasa da filin Maya-Maya na Brazzaville, manyan biranen Kwango biyu da ke kallon juna kogi ne kawai a tsakani, kilomita 26 zai ba ka, layin ma da ƙyar ake ganinsa a taswira. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, babu gada a kan kogin tsakanin biranen, in ba ta sama za ka bi ba sai ka fito daga N'djili wanda shi kansa yana da tazarar kilomita ashirin da wani abu daga tsakiyar gari ta titin Lumumba mai shahararren gosulo, ka isa bakin ruwa a Beach Ngobila, a duba takardunka, ka shiga kwale-kwale mai inji ko jirgin fito, ka tsallaka, a sake duba ka a ɗaya gaɓar, kuma mashigar ba dare da rana take aiki ba, in ka sauka da yamma lis to sai gobe. Tsallaka ruwan kansa ba ya daɗewa, abin da ke gabansa da bayansa ne ke cinye yini. Ga biza kuma, don ƙasa biyu ce kowacce da dokarta.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Filin Oujda a Maroko da filin Tlemcen a Aljeriya wajen kilomita 50 ne tsakaninsu, amma bodar ƙasa ta ƙasashen biyu a rufe take tun 1994, sannan a Satumban 2021 Aljeriya ta rufe samaniyarta ga jiragen Maroko, to mutumin da danginsa ke ɗaya ɓangaren, kuma suna da yawa don yankin auratayya ce a tsakaninsu tun kaka da kakanni, sai ya je wani babban fili ya hau jirgi zuwa wata ƙasa ta uku kamar Tunisiya ko Faransa ko Sifaniya sannan ya juyo, tafiyar da mota za ta yi cikin awa guda ta koma ta yini ɗaya ko biyu. Duk sanda na rubuta lambobin waɗannan filaye biyu na ga ɗan layin nan sai jikina ya yi sanyi wallahi. Haka Doha da Dubai, kilomita 380 haka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, amma daga 5 ga Yunin 2017 da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar har zuwa sulhun Al-Ula a Janairun 2021 babu jirgi kai tsaye, sai dai ka bi ta Maskat ko Kuwait. A duk tsawon shekarun nan lambar da shafin ke bayarwa ba ta canza da ko mita ɗaya ba, kuma daidai ne kada ta canza, ƙasa ba ta matsa ba, mutane ne suka rufe ƙofa.

Wani abin kuma shi ne ka tabbata filin da ka rubuta shi ne filin da ke jikin tikitinka, don gari ɗaya na iya samun fili biyu ko uku. Kuala Lumpur na da KUL a Sepang can kudu da birnin wanda jirgin ƙasa mai sauri ke yin kusan rabin awa kafin ya kai ka tsakiyar gari, tana kuma da SZB a Subang wanda ya fi kusa, ita ma Singafo ban da Changi akwai Seletar. Brussels na da BRU, akwai kuma CRL da ake tallarsa da sunan Brussels ta kudu alhali a Charleroi yake, tafiyar kusan awa ce a bas. A nan shafin ya taimake ni ba sau ɗaya ba, don ina rubuta lambar sai in ga ɗigon ya faɗo wani wuri nesa da garin da nake zato, tun kafin in biya kuɗi na gane. Akwai ma wata dabara, in ka rubuta nisa ka sa alamar @ ka bi da lambar fili, misali 150km@BRU, zai zana maka da'ira a kewayen filin, da ita nake ganin waɗanne filaye na maƙwabta ne suka faɗo ciki in tikitin garin da nake so ya yi tsada ko babu kujera.

Ba kullum boda ke zama cikas ba, gaskiya sai an faɗi wannan ma. Wanda za shi Malmö ta Suwidin mafi yawan lokaci filin Copenhagen na Denmak ya fi masa filin da ke ɗauke da sunan Malmö sauƙi, don tun da aka buɗe gadar Öresund a shekarar 2000 jirgin ƙasa ke tashi daga ƙarƙashin filin Copenhagen ya tsallaka ruwa ya kai ka tsakiyar Malmö cikin minti ashirin da 'yan kai, shi kuwa filin Malmö yana can wajen kilomita 30 gabas da garin. Filin Basel kuma a cikin ƙasar Faransa yake kacokan amma Faransa da Suwizalan ke tafiyar da shi tare bisa yarjejeniyar 1949, lamba uku gare shi BSL da MLH da EAP, in ka ɗauki kayanka ƙofa biyu ce a gabanka wannan ta Faransa wannan ta Suwizalan. A Tijuana ta Mekziko tun Disambar 2015 akwai wata gada ta ƙafa mai tsawon mita 120 da ta taso daga ginin filin ta ƙetare shingen boda ta sauka a ɓangaren San Diego na Amurka, masu tikitin jirgi kaɗai ke bin ta. Duk waɗannan ba za ka gan su a jan layin taswira ba, sai ka nema a wani wurin.

Shi ya sa ni ban taɓa amfani da shi shi kaɗai ba. In na gama da nisa sai in buɗe Flightradar24, wannan na wani kamfanin Suwidin ne da ke tattara saƙon da jirage ke watsawa na inda suke ta hanyar dubban na'urori da 'yan sa kai suka kafa a gidajensu, in rubuta lambar jirgin da nake son hawa in ga tarihinsa na kwana bakwai da suka wuce wanda ake gani kyauta, ƙarfe nawa aka ce zai tashi, ƙarfe nawa ya tashi da gaske, minti nawa ya yi a sama, har hanyar da ya bi za ka ga yadda ta karkace ta bar layin zare. In na ga jirgin yamma ya yi latti sau biyar cikin bakwai to na san abin da zan tarar. In kuma ta ƙasa zan tsallaka sai in duba taswirar mota a daidai ranar da daidai lokacin da zan bi, ba da tsakar dare ina kwance ba lokacin da hanya take fayau, sannan in nemi wanda ya bi bodar kwanan nan in tambaye shi da baki, don awa nawa ake yi a layin fasfo ranar kaza wannan ilimin a wurin direbobi yake.

Wa zan ce ya yi amfani da shi? Duk mai haɗa wa kansa tafiya da tikiti daban-daban, mai tura kaya da ake yi wa lissafi da nisa, ɗalibin da ke karatun labarin ƙasa ko harkar jiragen sama, da mai tara maki na kamfanin jirgi da ke son ya san mil nawa za a rubuta masa. Wanda kuwa yake son a ce masa ga jirgin da za ka hau ga kuɗinsa ga lokacinsa to ba nan zai je ba, babu jadawali a ciki babu farashi babu sayar da tikiti. In maki ne ina ba shi huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na ƙananan rubutu a waya ne da maganar mil.

Na sake bin hanyar Dammam zuwa Bahrain bara, wannan karon na buɗe shafin na ga 87 ɗin nan tana nan yadda take, na duba hanyar mota na ga wajen kilomita 100 ce, na ɗaga tafiyar daga Alhamis zuwa safiyar Talata, na yi maganar mota mai takardun tsallakawa tun kafin in taso, na kuma bar awa takwas tsakanin jirgi da jirgi. Daga ƙofar filin Dammam zuwa ƙofar na Muharraq awa ɗaya da minti arba'in muka yi har da tsayawar tsibirin fasfo.